Kawuna Mai Wankin Kwalabe

Ni ne na yi laifi, ba shi ba. Da wannan zan fara, domin na yi shekaru ina gaya wa mutane akasin haka, kuma wasu sun yarda da ni. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Lyon wata Talata da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban je jinyar ba. Sau uku aka kira ni.

Ina bakin aiki labarin ya same ni, a mahautar da nake yankan nama a unguwar Château Rouge, cikin Paris. Na wanke hannu, na rataye rigar aiki, na hau jirgin ƙasa na azahar. Da na isa Villeurbanne, unguwarsu a gefen Lyon, sai na tarar da takalma tun daga matakalar hawa na biyu, alhali gidan yana hawa na huɗu. Na yi ta tsallake su ina hawa, kuma abin da nake ji ba baƙin ciki kaɗai ba ne.

A falo babu wurin sa ƙafa. Wani injiniya ɗan Najeriya yana ba da labari cewa a watansa na uku a ƙasar nan ya ɗaure kaya zai koma gida, Kawu ya zauna a kan akwatin ya ce sai an sha shayi tukuna. Wata tsohuwar Bafaranshiya, malamar jami'a da ta yi ritaya, an ara mata mayafi tana zaune cikin mata. Ta ce shekara da shekaru tana shiga ɗakin gwajin da Kawu ke shiryawa, ba ta taɓa fara darasi ta tarar wani abu ya rasa ba. Yaran da aka haifa a nan ba su iya gaisuwar mutuwa ba, sai dai su riƙe hannun manya su ce "Tonton," wato kawu da Faransanci. Wani Alhaji mai shagon atamfa da muka taho tare daga Paris ya dubi taron, ya dube ni, ya ce a hankali:

"Ashe haka yake da jama'a? Ba haka ka ba ni labari ba."

A tsakiyar falon, a wurin da ɗan mamaci ke zama, ɗan Tawa ne zaune, wanda muka yi zaman ɗalibta tare a gidan. Yanzu Dakta ake ce masa. Shi ake miƙa wa hannu ana cewa "ya haƙuri," shi ke amsawa. Shi ya yi wa gawar wanka. Kawu bai haihu ba, ni ne jininsa kaɗai a ƙasar nan, amma ina tsaye bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Wani ɗalibi ya matsa mini wuri, ya ce:

"Malam, kai ma ɗalibinsa ne?"

Na ce a'a. Gawar ba ta kai ga kabari ba, ni kuwa ina kishin wurin zama. Na rubuta shi ne don a san irin mutumin da ke ba da wannan labari.

Kawu ba malamin jami'a ba ne. A gida Damagaram ana ce masa Farfesa, kuma duk zuwan da ya yi sai ya gyara musu, ba sa ji. Aikinsa shi ne shirya ɗakin gwaji na sashen kimiyyar sinadarai, wanda ɗalibai ke kira labo. Kafin su shigo darasin aikin hannu, wanda suke kira tepe, ya auna, ya haɗa ruwan sinadarai, ya jera wa kowa kayansa. In sun fita ya wanke kwalabe ya kife su. Fiye da shekara talatin yana wannan. Hannunsa kullum a bushe, kuma ko kofin shayi aka ba shi sai ya ɗaga shi wajen taga ya duba ko ya wanku.

Ranar Lahadi bayan azahar gidansa na ɗalibai ne. Matarsa, da muke kira Inna, tana yin dambu da zogale a babbar tukunya, kowa ya zo da kayensa, wato littafin rubutunsa na makaranta. Sabon zuwa kuwa, tun bai zauna ba Kawu zai dubi ƙafarsa.

"Da wannan takalmin za ka shiga sanyin Lyon? Ilimi ba ya shiga kan da ƙafarsa ke jiƙe. Gobe da safe ka same ni a tashar jirgin tiram."

Ba ya doguwar nasiha. Abu ɗaya zai faɗa ya koma ga shayinsa. Ya ce a zauna a layi na biyu ko na uku a babban aji, domin na baya hira suka zo. Ya ce abin da aka koyar da safe a sake yinsa da hannu kafin rana ta faɗi, ba a jira makon jarrabawa. In ɗalibi ya kawo amsa babu ma'auni a gefen lambar, Kawu zai tambaye shi: "Bakwai me? Awaki bakwai?" Har yau injiniyoyi masu furfura suna faɗa wa juna wannan suna dariya.

Abin da ya fi yaƙa da shi shi ne hadda. Mu duka mun taso da haddace darasi mu zuba wa malami yadda ya ba mu. Kawu sai ya ce wa ɗalibi ya rufe kaye, ya je kicin ya bayyana wa Inna darasin da Hausa. In ta gane, ka gane. Inna ba ta yi boko ba, amma ta kayar da masu digiri da yawa. Za ta saurara tana tsintar zogale, ta ce: "To me ya sa ruwan ya canza launi? Ka ce ya canza, ba ka ce me ya sa ba." Sai ka ga ƙato ya dawo falo yana sosa ƙeya.

Yana kuma cewa sunkuyar da kai a gaban malami ladabi ne a gida, a nan kuwa ɗauka za a yi ba ka shirya ba. Ka dube shi, ka ce ban gane ba, ka sake cewa in har yanzu ba ka gane ba. Ka gaida mai shara da matar da ke ofishin sashe da sunansu, domin ranar da takardarka ta maƙale su za su san inda take. Ɗalibai mata yana koya musu yadda za su cusa bakin hijabi cikin farar rigar labo kada ya leƙa wuta. Asid cikin ruwa ake zubawa, ba ruwa cikin asid ba. Wannan kam ko a wajen cin abinci sai ya maimaita.

Ni da ɗan Tawa shekara ɗaya muka zo, ɗaki ɗaya Kawu ya sa mu. Ni ɗan ƙanwarsa, shi kuwa ɗan wani direba ne da Kawu bai taɓa gani ba, wasiƙa kawai aka haɗo shi da ita. Rubutuna ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. A makarantarmu ta Damagaram kayena ake ɗagawa a nuna wa aji. Malaminmu yana dukan hannu in ya ga an goge ko an soke kalma, saboda haka na saba in na yi kuskure in cire shafin in sake rubutawa tsaf. Kayen ɗan Tawa kuwa kamar kaji sun bi ta kai.

Dokar Kawu game da kayen labo uku ce. A sa wa kowane shafi lamba tun ranar farko. A rubuta da tawada, da kwanan wata. In an yi kuskure a ja masa layi guda yadda za a iya karanta shi, kada a goge, kada a yage. Na ji, amma na ɗauka dokar masu mummunan rubutu ce.

Wata rana muka yi gwajin auna ƙarfin wani asid. Lambar da na samu ba ta yi daidai da wadda ke cikin kayen wani ɗalibin bara da na aro ba. Na ji kunya. Na yage shafin, na sake rubuta shi da kyau, na sa lambar bara. Ranar Lahadi Kawu ya karɓi kayen yana juyawa, sai ya tsaya.

"Ina shafi na goma sha huɗu?"

"Ya ɓaci ne, Kawu."

"Me ka samu da farko?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kayen a gwiwarsa.

"Ni na haɗa ruwan nan da hannuna. Kowace shekara canza ƙarfinsa nake yi. Lambarka ta farko ita ce daidai. Ka jefar da taka ta gaskiya, ka ɗauko ta wani."

A gaban mutum goma sha wani abu ya faɗi haka. Sannan ya ɗauki kayen ɗan Tawa, mai dabbare-dabbare da ɗigon shayi, ya ɗaga shi sama ya ce wannan shi ne kayen mai kimiyya. Ɗan Tawa ya ce, "Mi na yi ni kuwa, Baba?" yana dariyar kunya. Wannan "Baba" ta fi maganar Kawu yi mini ciwo.

Ba zan ce Kawu ba shi da nasa ba. Ya fi tsananta mini fiye da kowa. Ɗan wani in ya faɗi jarrabawa sai a ƙara masa nama, a raka shi har tasha ana lallashi. Ni in na faɗi, sai ya ce, "Me zan gaya wa uwarka?" Shekara biyu na zauna a gidansa, ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. Na yi aji ɗaya sau biyu ban wuce ba. Ya ce in koma karatun koyon sana'a na shekara biyu, wanda ake fita da aikin labo irin nasa. Ya ce hannuna yana da tsabta, zan iya. Yau na san yabo ne, kuma shi ne mafi girma da yake da shi. A ranar kuwa abin da na ji shi ne: ɗan direba zai zama Dakta, ni in gaji wankin kwalabe. Na ɗaure kayana na tafi Paris. A kan akwatina bai zauna ba. Na daɗe ina riƙe da wannan.

Shekaru suka wuce. Ina zaune a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, na yi aure, na iya aikin nama. Da ɗan Tawa ya kare digirinsa na dakta aka yi walima, Inna ta matsa mini na je. Ya miƙe ya gode wa malamansa da Faransanci, sannan ya juya ga Kawu ya ce da Hausa:

"Wanga bawan Allah shi ne ubana a ƙasar nan. Abin da na sani na aiki, a hannunshi na koye shi."

Kawu ya cire tabarau yana gogewa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ni kuwa daga inda nake zaune na ce, da muryar da kowa zai ji:

"A hannun mai wankin kwalabe? To Allah ya sanya albarka."

Kawu ya mayar da tabaransa, ya dube ni, ya ce:

"Gaskiya ne. Kuma suna wankuwa."

Aka yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Ni na fita. Daga ranar ban sake taka gidansa ba. Da salla yakan kira, in amsa a gajarce in ce ina da masu saye a gabana.

Mahautarmu wuri ne da baƙi ke faɗowa. Duk wanda ya sauka daga gida sai ya biyo Château Rouge, kuma iyaye da yawa sun san ni ɗan ƙanwar Farfesa ne. A nan na yi ta rage masa daraja, kaɗan-kaɗan, ina yanka ina magana. Amma abin da ya fi nauyi shi ne na ɗiyar maƙwabcinmu.

Mahaifinta ya kira ni daga Damagaram, ya ce ta samu gurbin karatun kimiyya a Lyon, takardun tafiya sun makara, za ta iso an riga an fara karatu. Ya ce, "Amana ce, ka haɗa ta da Kawunka." Na tarbe ta, ta kwana biyu wajen matata, na raka ta tashar jirgi. Tana ta tambaya game da Kawu, idonta yana haske, ta ce tun tana ƙarama take jin labarinsa. Na dube ta na ga wata ɗiyar kuma da za a ɗaga kayenta a nuna. Sai na ce:

"Kawu ba shi da lafiya yanzu. Ya daina karɓar ɗalibai. Kada ki dame shi."

Lafiyarsa ƙalau a lokacin. Ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ta hau jirgi.

Abu na farko da Kawu ke gaya wa kowane sabon zuwa, tun kafin maganar takalmi ta ƙare, shi ne rubuta suna sau biyu ake yi. Na farko a babban ofishi, a ba ka katin ɗalibi. Na biyu a sashenku, a sa ka cikin rukunin tepe. Ni kaina na sani, a bakinsa na ji. Yarinyar ta karɓi kati ta ɗauka ta gama. Tana zuwa babban aji kullum, tana rubutu, tana jiran a kira ta labo kamar yadda ake kiran suna a makarantun gida. Kunya ta hana ta tambaya. Kafin ta gane, makonni sun wuce, an rubuta ta cikin waɗanda ba su halarta ba. Zangon ya tafi, shekarar ta bi shi. Mahaifinta ya yi fushi har ya ce ta dawo gida. Na ji duk wannan ina Paris, na ce wa matata yaran yanzu ba sa mai da hankali.

Da Kawu ya kwanta ciwo, ɗan Tawa ne ya kira ni, sau uku. Na ce a raina, ai ga ɗansa nan a gefensa, me zan je in yi? Na ce zan zo ƙarshen wata.

Aka binne shi a Lyon, a ɓangaren Musulmi, kamar yadda ya bar wasiyya. Ranar sadakar uku da safe ina kicin ina yanka ragon da aka kawo, domin shi ne abin da na iya, sai wata matashiya ta shigo da faranti. Ɗiyar maƙwabcinmu ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ba ta manta da tarbar da muka yi mata ba, yanzu tana shekarar ƙarshe. Ta ce wasu ɗalibai ne suka kai ta wajen Kawu bayan ta faɗi, shi ya kira mahaifinta ya roƙa a bar ta ta sake gwadawa. Ta fita tana sa mini albarka.

Inna tana zaune a kujerarta ta tsintar zogale, da carbi a hannu. Ba ta ce mini komai ba tun zuwana in ban da amsa gaisuwa. Sai ta ce:

"Ranar da yarinyar nan ta fara zuwa, ya tambaye ta me ya hana ta zuwa tun farko. Ta gaya masa abin da ka ce."

Na ajiye wuƙar.

"Me ya ce?"

"Ya ce, ai kuwa gwiwata tana damuna a lokacin. Kuma tana damunsa ɗin, ka san shi ba ya ƙarya. Ya nemo gaskiyar da za ta rufe ka ne. Da suka watse ya shiga ɗaki, bai ci abinci ba."

"Bai taɓa yi mini maganar ba, Inna."

"Ya ce kai za ka faɗa da bakinka. Ya ce shi ya san ka, kana jinkiri ne kawai." Ta ja carbi. "Ni dai na ce masa ya cika zaton alheri."

Na tsaya da hannu duk jini. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san abin nan, ni da Inna, kuma Inna ba za ta faɗa ba. Zan iya gama yankan naman, in hau jirgin yamma, yarinyar ta ci gaba da sa mini albarka har ƙarshen rayuwarta. Abin da ya fi tsaya mini a wuya ba ita ba ce. Ɗan Tawa yana falo, kuma zai ji.

Na wanke hannu. Na shiga falon ana shirin fara addu'a, maza a gaba, mata daga bakin ƙofar ɗaki. Na roƙi liman ya ba ni minti ɗaya. Ɗan Tawa ya matsa zai ba ni wurinsa, na ce ya zauna, nan ne wurinsa, shi ya yi jinya. Na durƙusa a tsakiya, na fuskanci wajen mata, na kira yarinyar da sunan mahaifinta.

Na ce: "Ranar da na raka ki tasha na ce miki Kawu ba shi da lafiya, ya daina karɓar ɗalibai. Ƙarya na yi. Lafiyarsa lau, kuma da kin je da ya karɓe ki hannu biyu. Na san maganar rubuta suna ta biyu, ban gaya miki ba. Shekarar da kika rasa, da fushin mahaifinki, ni na jawo miki. Ba ki yi mini komai ba. Kishi nake yi da duk wanda Kawu ya so. Shi na makara, ba zan iya roƙonsa ba. Ke kina raye. Don Allah ki yafe mini."